Waiwaye: Daga Tsamin Nono Zuwa Robar da Ake Cewa Tana Ruɓewa

Duk wanda ya bi ta Sabon Gari ko Tudun Wada bayan ruwan farko na damina ya ga abin da leda ke yi wa magudanan ruwan Zariya, mahauta kuwa sun saba da zaro ta a dunƙule daga tumbin saniya. Shi ya sa kunne ke tashi idan aka ambaci robar da ke ruɓewa da kanta. Wadda ta fi shahara a cikin irin wannan roba ita ce PLA, wato gajeren sunan polylactic acid a Turance, tushenta kuma wani sinadari ne mai suna laktid, wanda ake samarwa daga tsamin nan da ke cikin kindirmo.

A shekarar 1780 wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya ware wannan tsami daga nono, aka sa masa suna asid ɗin laktik. A 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa ƙananan halittun da ido ba ya gani ne ke samar da shi, wato aikin da 'yar Fulani ke sa su yi duk daren da ta zuba ragowar nonon jiya a cikin sabuwar madara.

Ƙwayoyin wannan asid suna iya kama juna su zama sarƙa, kuma doguwar sarƙa ita ce roba. Sai dai duk lokacin da biyu suka haɗu sukan saki ɗigon ruwa, ruwan kuma ya koma yana tsinka abin da aka ƙulla, don haka sarƙar ba ta yin tsawo. A nan laktid ya shigo. Idan aka dafa gajerun sarƙoƙin aka janye iska, ƙwayoyi biyu sukan naɗe su zama zobe, an riga an raba su da ruwansu. Wannan zobe shi ne laktid, kuma ana iya tace shi har ya yi tas. Daga nan sai a narkar da shi, a sa ɗan sinadarin kuza ya buɗe zobban ɗaya bayan ɗaya, kowane ya kama wutsiyar na gabansa, ba tare da wani ruwa ya fito ya ɓata aikin ba. Wallace Carothers na kamfanin DuPont, wanda daga baya ya ƙirƙiro nailan, ya gwada wannan hanya a 1932, amma abin da ya samu bai yi ƙwari ba. Sai a 1954 kamfanin ya yi rajistar hanyar da ke ba da doguwar sarƙa, duk da haka masana'antu suka juya wa robar baya, domin a ganinsu robar da danshi ke ci ba ta da kasuwa.

Likitoci ne suka ga alheri a cikin wannan aibi. A 1966 bincike ya nuna cewa jiki na narkar da PLA ta koma asid ɗin laktik, wanda dama tsokar mutum na samar da shi. A 1974 kamfanin Ethicon ya fito da zaren ɗinki na Vicryl, kashi 10 cikin ɗari laktid, sauran kashi 90 ɗan'uwansa gilaikolid, wanda jiki ke shanyewa cikin kwana 56 zuwa 70. Matar da aka yi wa tiyatar haihuwa, aka ce mata ɗinkin ciki ba sai an cire ba, yawanci irin wannan zare ne a jikinta.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne yadda ake saita saurin narkewar. Asid ɗin laktik iri biyu ne masu kama da hannun dama da na hagu, L da D, saboda haka zoben laktid iri uku ne: L biyu, D biyu, ko ɗaya-ɗaya. Sarƙar da aka ƙulla da L zalla tana jeruwa tsaf, ta yi tauri, ta kai shekaru a jiki. Idan aka gauraya L da D sai jerin ya hargitse, ruwa ya sami hanyar shiga, robar ta narke da wuri.

Tsada ce ta tsare PLA a asibiti, har sai da kamfanin Cargill na Amurka ya nemi sabuwar kasuwa ga masara, wadda ƙananan halittu ke iya mayar da sukarinta asid ɗin laktik. Ya haɗa kai da kamfanin Dow a 1997, a 2002 kuma masana'antarsu ta Blair a jihar Nebraska ta fara aiki da ƙarfin tan 140,000 a shekara. A Tailan da sukarin rake ake yi. Ga jihar Kaduna mai arzikin masara, da Zariya mai Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru da ta fasahar sinadarai a Basawa, wannan abin dubawa ne, ko da yake masarar da za ta zama kofi ita ce kuma ta tuwo.

Inda nake jan hankali shi ne kalmar ruɓewa. PLA tana buƙatar danshi da zafin da ya kai maki 58 a ma'aunin Salshiyas, irin na wuraren sarrafa taki na zamani, kafin ruwa ya tsinka sarƙarta ƙananan halittu su cinye ta cikin 'yan watanni. A cikin kwata, ko a bakin rafin Kubanni na Zariya, tana iya yin shekaru da siffarta, kuma saniyar da ta haɗiye ta ba ta tsira ba. Tana kuma yin laushi daga maki 60, don haka kofin PLA zalla ba ya jure shayin mai shayi. Ga ido kuma gorarta ba ta da bambanci da gorar ruwan da 'yan bola jari ke tarawa a buhu, alhali kaɗan daga cikinta na iya ɓata narkakkiyar robar da masu sake sarrafawa ke saye a hannunsu.