Mene ne arashi, kuma akwai shi da gaske?

Arashi shi ne abu ya faru ba shiri, ba kuma wani tsari da ido ke gani. Masana lissafi sun ƙara matse ma'anar: a wurinsu, abin da ya zo bisa arashi shi ne wanda ba a iya hasashensa kafin ya auku. Magana ce ta iyakar sanin ɗan Adam, ba musun ƙaddara ba.

To, arashin a cikin abin yake, ko a cikin rashin saninmu? Kuɗin ƙarfen da aka wulla sama yana bin ƙarfin yatsa ne da iska, da za ka auna su daidai da ka faɗi fuskar da zai kwanta a kai. A 1814 masanin Faransa Pierre-Simon Laplace ya ce duk hankalin da ya san mazauni da motsin kowace ƙwayar zarra, babu abin da zai zo masa kwatsam. Ƙarni na 20 ya girgiza wannan ra'ayi. An san rabin tarin sinadarin carbon-14 yana rikiɗewa cikin shekara kusan 5,730, amma babu na'urar da za ta nuna ƙwayar da za ta riga 'yan'uwanta. Masanin kimiyya Albert Einstein bai taɓa gamsuwa da cewa arashi ne tsantsa ba, kuma har yau muhawarar ba ta mutu ba.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba ma gane arashi ko ya tsaya a gabanmu. A 1913, a gidan caca na Monte Carlo da ke ƙasar Monaco, ƙwallon faifan caca mai gurabe ja da baƙi ta faɗa kan baƙi sau 26 a jere. Jama'a suka yi ta tura kuɗi kan ja, wai ai lokacinsa ya yi, aka tafka asara. Ƙwallo kuwa ba ta san inda ta faɗa ɗazu ba. Haka in mutum 23 suka taru a ɗaki, yiwuwar a samu biyu da rana da watan haihuwarsu suka zo ɗaya ta ɗara rabi, amma in ya faru sai a riƙe baki. Kamfanin Spotify mai manhajar sauraron waƙoƙi ma sai da ya sauya tsarin cakuɗa waƙoƙinsa a 2014, domin masu saurare na ƙorafin mawaƙi ɗaya na biyo kansa. Cakuɗar farko ita ce ta gaskiya, kunne ne bai yarda ba.

Arashi na gaske curi-curi yake zuwa, kuma a nan ake cutuwa. Wanda ciwo da asara da hatsari suka same shi a wata guda, sai zuciya ta ce da sa hannu. Daga nan gaisuwar maƙwabci ta zama alama, shirun ɗan'uwa ya zama shaida. Ya manta watannin da suka wuce lafiya lau, ya yanke zumunci da mutumin da bai san hawa ba, bai san sauka ba.