Me ake nufi da "motsa tsoka da lantarki" ga yaro mai murɗaɗɗiyar ƙafa?

Da zarar likitan gashi, wato mai gasa ƙashi da motsa gaɓoɓi, ya ambaci lantarki, gaban uwa sai ya faɗi, don abin da ta sani shi ne jan wuta. To, wannan ba wutar soket ba ce. Wata 'yar na'ura ce, yawanci mai batir, da ake haɗa wayoyinta da wasu faifai masu mannewa a fata. Tana aika ɗan ƙaramin lantarki zuwa jijiyar da ke ba tsoka umarni, tsokar ta ɗaure na 'yan daƙiƙoƙi, ta saki, ta sake ɗaurewa. Yaro yana jin abu kamar tafiyar kiyashi a fatarsa. Likitoci suna taƙaita sunan da EMS ko NMES.

Kusan jariri 1 cikin 1,000 ne ake haifa da ƙafar da ta murɗe ciki, tafinta yana kallon ɗayar ƙafar. Maza sun fi yawa, kuma wajen rabin yaran ƙafa biyun ne. Maganin da ya fi karɓuwa shi ne hanyar Dakta Ignacio Ponseti na Jami'ar Iowa a Amurka: a riƙa lanƙwasa ƙafar a hankali ana sa filasta, wato ɗaurin siminti irin na karaya, mako-mako, sau 5 zuwa 8, sannan a mafi yawan yara a ɗan yanka agarar dunduniya. Wasu yaran kuwa sai an yi musu babbar tiyata.

Bayan makonni cikin filasta, tsoka takan yi laushi. Dama can sharaɓar ƙafar da ta murɗe ta fi siranta, kuma tsokokin gefen waje na ƙwauri, masu juya ƙafa zuwa waje, ba su kai masu janta ciki ƙarfi ba. Wannan rinjaye yana cikin abin da ke sa ƙafa ta koma yadda take. Jariri ba ya jin "ɗaga ƙafarka", shi ya sa ake ɗora faifan a kan waɗannan tsokoki, na'urar ta sa su atisayen da shi ba zai yi da kansa ba.

Abin da ke damuna shi ne iyayen da za su ɗauka na'urar ta ishe su. Binciken da aka yi a kanta kan yara kaɗan ne, matsayinta na mataimakiya ne kawai. Abin da aka tabbatar yana hana ƙafa komawa shi ne wani takalmi na musamman mai sandar ƙarfe a tsakanin ƙafafun biyu, da ake sa wa yaro bayan an cire filasta: awa 23 a rana tsawon wata 3, daga nan lokacin barci har yaro ya kai shekara 4 ko 5.

Kada a sayo na'urar a kasuwa a gwada a gida. Ba a ɗora ta a kan ɗinki ko rauni da bai warke ba, kuma in yaro yana da farfaɗiya ko ciwon zuciya a faɗa wa likita tun farko. Likitan gashi ne zai nuna inda za a manna faifan da ƙarfin da ya dace, kuma akwai su a manyan asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano.