Dainoso mai dogon wuya ba dabbar ruwa ba ne

Tsofaffin littattafai sun daɗe suna zana dainoso mai dogon wuya, wanda masana ke kira sauropod (wata ƙatuwar dabba ce ta zamanin da can, wadda ta daɗe da ƙarewa), tsundum a cikin tafki, kansa kaɗai ke leƙowa. Hujjarsu ita ce wai dabbar da nauyinta ya haura tan 30 ƙafafunta ba za su iya ɗaukarta a tudu ba, sai ruwa ya tallafe ta, dogon wuyan kuma na shaƙo iska ne daga sama.

Zancen ba haka yake ba. Tun a 1951 masanin Birtaniya Kenneth Kermack ya nuna cewa idan ƙirjin dabba ya nutse can ƙasan ruwa, nauyin ruwan zai matse huhunta har ta kasa jan numfashi, komai tsawon wuyanta.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne ƙasusuwan dainoson. Ƙashin wuyansa da na gadon bayansa duk ramuka ne da ƙofofin iska, irin na tsuntsaye, abin da ya rage masa nauyi sosai. Da zai shiga ruwa mai zurfi, tasowa sama zai yi, ba tafiya a ƙasa ba. Ƙafafunsa kuwa miƙe suke sambal a ƙarƙashin jiki kamar na giwa, an gina su don ɗaukar kaya a tudu.

Ga kuma ƙwai. A 1997 an gano dubbansu a Auca Mahuevo da ke Ajantina, a ramukan da iyayen suka tona a ƙasa, wasu ma da ƙasusuwan 'ya'yan a ciki.