Waiwaye: yadda aka gano tsaikon jikin ƙwayar sammore

Makiyayin da ya dawo da shanu daga kudu da farkon damina, ya sauka a karkarar Ringim ko Gumel, ba sai likita ya gaya masa sammore ne ba. Saniya ta rame, gashi ya tashi, ido na hawaye, kullum tana bayan garke. Zai ce aikin ƙudan tsando ne, ya nemi Berenil ko Samorin. Mai ɓarnar ce bai taɓa gani ba: halitta mai ƙwaya ɗaya tak, siririya, sai an jera wajen 40 kafin su cika milimita guda.

A 1843 David Gruby ya gan ta a jinin kwaɗo tana murɗawa, ya raɗa mata Trypanosoma, daga kalmar Girkanci ta abin huda katako. Griffith Evans ya samu 'yar uwarta a jinin dawaki da raƙuma a Indiya a 1880, David Bruce kuma ya kama ta a jinin shanu a ƙasar Zulu a 1895. A nan gida, an kafa cibiyar binciken cutar a Kaduna a 1947. Duk tsawon wannan lokaci siffarta kawai ake gani. Me ke riƙe da jikin abin da ba shi da ƙashi, har ya kutsa cikin jini mai gudu bai wargaje ba?

Sai da madubin lantarki, na'urar ganin abubuwa mafi ƙanƙanta, ya zo aka samu amsa. Wanda ya taɓa ganin ana ɗaura tsaikon jinka, kara kusa da kara, tanka ta zagaye su, ya riga ya fahimci rabin zancen. Ƙarƙashin fatar ƙwayar akwai siraran bututu fiye da 100 a jere, daga kai zuwa gindi, da ƙananan furotin da suka ɗaure kowanne da maƙwabcinsa. Faɗin bututu ɗaya nanomita 25 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Furotin ɗin da ake gina su da shi ya samu sunan tubulin a 1968 daga Hideo Mohri na Japan.

Bulalarta, wato zaren da take kaɗawa ta yi iyo, ita ma bututun ne: tara masu tagwaye a zagaye, biyu a tsakiya, tsarin da ke cikin wutsiyar maniyyin bijimi. Ian Gibbons ya gano furotin mai kaɗa su, aka raɗa masa suna dainin a 1965. Amma ƙwayar sammore ta ƙara da nata. Bulalar tana manne a gefen jiki, tana jan ta gaba, ga kuma wata sanda a jikinta da Keith Vickerman ya bayyana a 1962.

A ganina abin da ya fi ban mamaki shi ne na 2007. Masu bincike a Jamus sun nuna cewa iyon da take yi wanka ne. Idan garkuwar jiki ta manna mata alama, gudun da take yi sai ya share alamar zuwa wani ɗan aljihu a gindin bulala, ta haɗiye ta. Haɗa wannan da sauya rigar furotin da ta lulluɓe jikinta da take yi a kai a kai, ka ga dalilin da har yau babu allurar riga-kafi.

Maganin tsutsar ciki irin albendazole tubulin yake kamawa, amma ba ya warkar da sammore. Masu ɗura wa saniya shi saboda ramar sammore asarar kuɗi suke. Berenil, da ke hannu tun 1955, wani ƙullin sinadarin gado da ke gindin bulala yake nufa. Zaren da ya ɗaure ƙullin nan da bulalar kuwa, a 2003 aka fayyace shi, kuma sunan farko a kan binciken na ɗan Najeriya ne, Emmanuel Ogbadoyi, malami a jami'ar fasaha ta Minna.