Ƙarin Mahaifa

Ƙarin mahaifa, wanda ma'aikatan asibiti a Jos da Abuja suka fi kira fayibiroyid, dunƙulallen nama ne da ke tsirowa daga tsokar bangon mahaifa. Ba ciwon daji ba ne, kuma da wuya ƙwarai a samu daji a ƙarin da aka cire. Yakan zo ɗaya ko da yawa, daga mai girman ƙwayar wake har wanda zai cika mara ya haura cibiya. Likitoci kan auna girman mahaifar da makonnin ciki, sai a ji an ce ta kai ta mai cikin mako 20.

Yadda yake samuwa

Mahaifar da ba ta ɗauke da ciki tsawonta kimanin santimita 7 zuwa 8 ne. Bangonta hawa uku ne: shimfiɗar ciki da ke zubewa lokacin haila, tsoka mai kauri a tsakiya, sai siririyar fata a waje. Kowane ƙari daga ƙwayar tsoka guda yake farawa, sinadaran istirojin da furojestaron da gidan ƙwan mace ke fitarwa kuma su ne ke ciyar da shi. Shi ya sa ba a ganinsa kafin balaga, kuma yakan motse bayan ɗaukewar al'ada.

Ya fi yawa ga baƙaƙen mata. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003 ya ƙiyasta cewa sama da kashi 80 cikin ɗari na baƙaƙen mata sun samu ƙari kafin su cika shekara 50. Gado, fara al'ada da wuri, ƙiba da rashin haihuwa suna ƙara yiwuwarsa. Batun ko man miƙar da gashi da ƙarancin bitamin D suna jawo shi har yanzu ana ja-in-ja a kai.

Alamomi

Inda ƙarin ya zauna ya fi girmansa muhimmanci. Ƙarami da ya kutsa cikin ramin mahaifa yakan jawo zubar jini mai yawa da gudaji, ya wuce kwana bakwai, har jini ya yi ƙaranci a jiki, mace ta riƙa haki da jiri. Shi ne kuma ya fi hana ciki zama ko jawo ɓari. Babba da ya tsiro ta waje yana iya daɗewa shiru, sai dai ya danne mafitsara ya sa yawan fitsari, ko ya danne hanji bayan gida ya yi wuya.

Mata da dama sukan fara kai maganar wurin malamai a matsayin jinin istihala, su samu hukuncin salla, su bar dalilin jinin ba a bincika ba. Wasu kuma, ganin mara ta taso, sai a ce kwantaccen ciki ne, a yi ta jira shekara da shekaru. Hoton ciki da na'urar sikanin yana raba gardama cikin 'yan mintoci.

Tarihi

Likitan Birtaniya Matthew Baillie ya bayyana irin wannan ƙari a rubuce a 1793, sannan Bajamushe Rudolf Virchow ya nuna a tsakiyar ƙarni na 19 cewa asalinsa tsoka ce. Ana danganta farkon cire ƙari ba tare da cire mahaifa ba ga Amussat a Faransa wajejen 1840, da Washington Atlee a Amurka 'yan shekaru bayan haka. Aikin ya daɗe ana tsoronsa saboda zubar jini, har Victor Bonney na Landan ya ƙera wani matsi a shekarun 1920 da ke riƙe jijiyoyin jinin mahaifa yayin tiyata. Dabarar tana nan: a asibitocin Najeriya da dama ana ɗaure ƙasan mahaifa da robar fitsari don cimma wannan buƙata. A 1995 Jacques Ravina da abokan aikinsa a Faris suka wallafa hanyar toshe jijiyoyin da ke kai wa ƙarin jini ba tare da yanka ba.

Magani

Ƙarin da ba ya damun mai shi ba a taɓa shi, sa ido kawai ake yi. Don rage jini ana ba da maganin tiranezamik asid a kwanakin haila, ko a sa robar mahaifa mai sinadari, tare da maganin ƙarin jini. Akwai allurar da ke dakatar da al'ada ta motsar da ƙarin, amma ba a cika wuce wata shida da ita ba domin tana rage ƙarfin ƙashi, kuma ƙarin yakan dawo da an daina.

Mai son haihuwa ana cire mata ƙarin a bar mahaifa, ko da yake wani na iya sake tsirowa, kuma idan yankan ya yi zurfi akan shawarce ta da haihuwa ta tiyata. Cire mahaifa gaba ɗaya ne kaɗai ke kawo ƙarshensa. Ana yin duka biyun a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, Asibitin Ƙasa na Abuja da na koyarwa a Gwagwalada, bayan an auna yawan jinin mara lafiya an kuma tanadi wanda za a ƙara mata.

Babu tabbacin cewa wani jiƙo ko tsimi yana narkar da ƙari.