Yanar ido ba a saman ido take ba

Tun muna yara muke jin ana cewa yanar ido wani siririn fata ne da ke lulluɓe saman ido, wai ana iya kankare shi ko a narkar da shi da kwalli ko maganin ɗigawa. Ba laifin masu faɗa ba ne. Yanar madara a sama take kwanciya, sai aka ɗauka ta ido ma haka take.

A can cikin ido, bayan ɗan baƙin nan na tsakiya, akwai wani madubi garai-garai da haske ke ratsawa. Shi ne yake dusashewa, mutum ya riƙa gani kamar cikin hazo, fitilar mota ta dame shi da dare. Tsufa ne ya fi kawo ta, sai ciwon suga da rauni a ido, akan ma haifi jariri da ita. Farin tabon da ke saman baƙin ido kuwa hakiya ce, cuta daban.

In yanar ta nuna, a haska tocila daga gefe, za a ga farin a tsakiyar ido yake, daga ciki. Tabbaci dai sai an je asibitin ido.

Babu maganin ɗigawa da ke wanke ta. Aiki ake yi, a cire madubin a sa na roba, galibi cikin rabin awa. Abin da ke damuna shi ne tsofaffinmu da ake soka wa tsinke a ido a gida da sunan maganin yanar, wasu su rasa ganin gaba ɗaya.

Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani, musamman masu tsoho a gida.