Idan ɗan sanda vampaya ne, takardar kotu za ta shigar da shi gida?

A tatsuniyoyin Turai akwai wani matacce da ke tashi daga kabari cikin dare ya sha jinin masu rai, ana ce masa vampaya. Labarinsa ya fi ƙarfi a gabashin nahiyar, irin su Sabiya da Romaniya. Duk ƙarfin da ake ba shi, akwai ƙa'idar da ta gagare shi: ba ya shiga gida sai wani ɗan gidan ya ce masa shigo. Haka take a littafin Dracula na Bram Stoker na 1897, kuma da zarar an gayyace shi sau ɗaya, yana iya dawowa duk lokacin da ya ga dama.

To, a ce irin wannan halitta ta samu aikin ɗan sanda a Amurka, ta zo ƙofar gida riƙe da takardar izinin bincike daga kotu. Za ta iya shiga? Tambayar ta tatsuniya ce, amma tana fito da bambancin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, tsakanin izinin alƙali da yardar mai gida.

Gyara na huɗu a kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana bincike da kame ba bisa dalili ba. A 1980, a shari'ar Payton da jihar New York, Kotun Ƙoli ta ce ko kama wanda ake zargi da babban laifi za a yi, ba a shiga gidansa sai da takardar kotu, sai dai in an samu yarda ko ana cikin halin gaggawa. Hanyoyin shiga ke nan: takarda, ko yardar ɗan gida, ko gaggawa kamar ceton wanda ya ji rauni a ciki.

A ganina vampaya zai tsaya ne a bakin ƙofa da takardarsa a hannu. Alƙali ba ɗan gidan ba ne, kuma takardarsa umarni ce da ake zartarwa ko mai gida ya so ko ya ƙi. Ita kanta kotun ta raba waɗannan biyun. A 1968, a shari'ar Bumper da jihar North Carolina, jami'ai huɗu sun je gidan wata tsohuwa, kakar wanda ake zargi, suka ce suna da takardar bincike. Ta ba su hanya, suka samu bindiga. A gaban shari'a sai masu gabatar da ƙara suka dogara da cewa ita ta yarda. Kotun Ƙoli ta ƙi karɓa, ta ce wanda aka gaya wa akwai takardar kotu an riga an nuna masa ba shi da ikon ƙi, don haka buɗe ƙofarsa biyayya ce kawai. Wannan hukunci yana burge ni, domin ya dubi halin talakan da ya ga kaki a ƙofarsa ya rasa bakin magana.

Sai batun wa ke da ikon cewa a shigo. A tatsuniya kowane ɗan gida ya isa. Doka ta fi tsanani. Mai gidan haya ba ya ba da izinin a bincika ɗakin ɗan hayarsa, kamar yadda aka yanke a 1961, haka ma ma'aikacin otal game da ɗakin baƙo, a 1964. Wanda kuke zaune tare kuwa yana iya yarda idan ba ka nan. A shari'ar Georgia da Randolph ta 2006, matar gida ta yarda, mijin yana tsaye a ƙofa ya ce bai yarda ba, kotu ta ce ƙin nasa ne ya rinjaya. Sai dai a 2014 ta ƙara da cewa idan an kama mai ƙin bisa doka aka tafi da shi, yardar wanda ya rage ta wadatar.

Gayyatar vampaya ba ta ƙarewa, ta doka kuwa tana da iyaka. Mutum na iya cewa a duba falo kaɗai, yana kuma iya janye yardarsa ana tsaka da binciken, ko da yake abin laifin da aka riga aka gani a fili an gani.

Inda ɗan sanda ya fi vampaya sauƙi shi ne babu abin da ke riƙe ƙafarsa a bakin ƙofa. Idan ya shiga ba bisa ƙa'ida ba, maganin yana zuwa ne daga baya: tun shari'ar Mapp da jihar Ohio ta 1961, kotunan jihohi ma suna watsi da shaidar da aka samo ta haramtaccen bincike, muddin wanda ake tuhuma ya tayar da batun a gaban alƙali.